Haɗa shari'ar kasuwanci da ta ma'aikata

Ɗan'uwa, ka tambaya ko sabon lauya zai iya haɗa shari'o'in kasuwanci da na rikicin ma'aikaci da wurin aikinsa. Zai iya, sau da yawa ma tare suke zuwa. Duka biyun a kan yarjejeniya suke tafiya: me aka rubuta, wa ya saɓa, me za a biya. Kamfanin da ka tsaya wa a rigimar bashi, shi ne gobe zai neme ka idan wanda ya kora ya maka shi a kotu.

Sai dai ka san ɓangaren da kake tun da wuri. Muddin kana wa kamfani aiki, ƙa'idar lauyoyi ta hana ka karɓi ƙara a kansa. Na taɓa mayar da wata mata da aka sallama tana da juna biyu, ga takardunta cif-cif, irin ƙarar da kowane lauya yake so. Sai da ta yi nisa da bayani ta ambaci sunan kamfanin, ashe namu ne. Tun daga ranar nake fara tambayar wa za a kai ƙara kafin in saurari labarin.