Barkwancin ƙabilu a WhatsApp

Malam, ka tambaya ko addini ya yarda da barkwancin da ake yi tsakanin Zabarmawa da Buzaye a zaurenku na WhatsApp na ƴan kasuwar Yamai. Ya halatta, matuƙar babu ƙarya kuma wanda aka zolaya bai ji an wulaƙanta shi ba, domin aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana izgili, ta 13 kuma ta ce an yi mu ƙabilu ne don mu san juna.

Sai dai na lura rubutu ba ya ɗauke da murya ko fara'a, kuma idan aka tura shi wani zaure, wanda bai san al'adar ba zagi zai ɗauka. Ka keɓe wasan ga abokin da kuka saba.