Juyi ne ko murɗi? Amsa ga wani ɗalibin fizis

Wani ɗalibi ya turo min tambaya, ya ce Malam, abin nan da masanin kimiyya Faraday ya gano a 1845, inda maganaɗisu ke sauya wa haske fuskar kaɗawarsa, wato ɓangaren da igiyar hasken ke kaɗawa, "juyin Faraday" zan ce ko yaya? Kuma wai maganaɗisu Hausa ce?

To ɗana, bari in fara da mai sauƙin. Maganaɗisu aro ne daga Larabci, tamu ta gida ita ce mayen ƙarfe, don yana kama ƙarfe ba tare da an ga hannunsa ba, kamar yadda ake cewa maye na kama kurwa. Duk biyun daidai ne.

Amma juyi kam ban yarda ba. Ana juya masa a tanda, ƙasa ya koma sama, shike nan an gama. Shi kuwa wannan abu, igiyar rediyo ce, wadda ita ma dangin haske ce, ta taso daga can wajen gungun taurarinmu, misali kwesa 3C 273, wato tsakiyar wani gungun taurari mai tsananin haske, ko tsakiyar gungun taurarin M87 inda baƙin ramin nan yake wanda ko haske ba ya kuɓuce wa jansa, aka kuma nuna hotonsa a 2019, sai ta ratsa iskar gas mai tsananin zafi wadda ilektoron ɗinta, wato ƙananan ƙwayoyin lantarkinta, suka ɓalle kuma ga maganaɗisu a ciki, tana tafe fuskar kaɗawarta na gocewa kaɗan-kaɗan har ta fita. Wannan ai murɗi ne, kamar mai tufka yana murɗa igiya a cinya. Ka rubuta murɗin Faraday kawai.

Kuma kar ka ce "iska" tsurarta, wallahi wani zai ɗauka iskoki kake nufi, ka ce iskar gas.

Wanda ya taso da rediyo ya san gajeren zango, mita kaza. To murɗin nan da tsawon zango yake tafiya, wato tsawon kaɗawa guda ta igiyar rediyon, in ka ninka zangon biyu murɗin ya ninku huɗu, shi ya sa masanan ke auna abu guda a zango daban-daban. Ruwa ba ya tsami banza, in suka ga murɗin ya yi yawa sun san gas ɗin da ke kan hanya ya yi kauri ko maganaɗisunsa ya yi ƙarfi, har da inda ya fuskanta, mu ko can. Matsalar dai gungunmu ma na ƙara nasa murɗin, sai an cire shi tukun.