Filin Tambaya da Amsa: Saɓani rahama ne ko fitina?

Tambaya: Salamu alaikum Malam, don Allah a warware min. Maigidana da yayana sun yi cacar baki kan ƙabalu da sadalu (ɗora hannu ko sakinsa a sallah) tun azumin bara, har yau ko gaisawa ba sa yi, yayan ma ya ɗauke ƙafa daga gidanmu. Maigidan na cewa Alƙur'ani ya hana saɓani, yaya kuma ya ce ai saɓani rahama ne. Wa ke da gaskiya? Daga wata baiwar Allah a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, wallahi saƙonki ya taɓa min zuciya, Allah ya shiga tsakani. Kalmar ikhtilafi, wato saɓani da Larabci, ba ma'ana ɗaya gare ta ba a Alƙur'ani. A Suratur Rum aya ta 22 bambancin harsunanmu da launin fatarmu ma da ita aka ambace shi, kuma cikin ayoyin Allah aka ƙirga shi. Wanda aka hana shi ne na Ali Imrana aya ta 105, mutanen da suka rarrabu bayan hujjoji sun zo musu, da jayayyar Anfal aya ta 46 wadda ke karya gwiwa har ƙarfin jama'a ya tafi.

Sahabbai kansu sun saɓa fa. Shekara ta 5 bayan hijira, an gama yaƙin Khandaƙ, Annabi (SAW) ya ce kada kowa ya yi la'asar sai a Banu Ƙuraiza, lokaci ya riske su a hanya wasu suka tsaya suka yi sallarsu don sun fahimci sauri ake nufi, wasu suka ce a'a sai mun isa, da labari ya je masa bai tsawata wa ko ɗaya ba.

Maganar nan ta "saɓanin al'ummata rahama ne" kuwa malaman hadisi ba su samo mata isnadi ba, wato jerin masu ruwaya da zai kai ta ga Annabi, yayanki ya daina jingina ta ga Annabi. Shi ma maigida ya sassauta, hadisin ɗora dama kan hagu yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, sakin hannu kuma an ruwaito shi daga Malik ɗin a Mudawwana, duk sallarsu ta yi.

Abin da ke damuna gabar ce, don hadisi ingantacce ya hana Musulmi ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana 3, su ga shi sun doshi shekara. Ki samu maigida lokacin da ransa ke sanyi ki karanta masa wannan, in ya yarda sai ki yi tuwo ranar Juma'a ki aika a kira yaya.