Amsar Kawu kan gidan Aboabo

Salamu alaikum. To ɗana, na ji muryarka. Ka ce bangon gidanmu na unguwar Aboabo a Kumasi ya tsage, wai nawa gyara zai ci. Ni fa na san inda aka dosa. So ake a ce ba ya gyaruwa, a rushe a jera shaguna. To ba da ni ba.

Ba tsufa ke cin bangon nan ba, ruwa ne. Je ka duba kwanon ɗakin Hajiya ta gabas, ƙusoshi duk sun yi tsatsa, tun daminar bara ruwa ke bin bango. Kwatar baya kuma leda ta toshe ta, ruwa kwance a gindin gini. Kwano uku, a'a huɗu, da kafinta na yini ɗaya, a yashe kwata. Sannan a yi maganar yaɓe.

Yaɓen nan kuwa, don Allah kada wanda ya kawo mini siminti. Sau nawa zan faɗa? Siminti ba ya kama ƙasa, danshi kawai yake kullewa a ciki, waje sumul, ciki na marmashewa. Ƙwanƙwasa bangon zaure ka ji, kamar ganga. Aikin wa? Ranar da Yaya, Allah Ya ji ƙansa, ya kawo maginin nan, na ce a bari, aka ce ni yaro ne. Ni da na tashi da ƙafa cikin kwaɓi! A gaban baƙi fa aka... kai, a bar wannan. Tsohon masallacin ƙasa na Larabanga a arewacin Ghana ma haka aka yi masa a shekarun 1970, aka shafe shi da siminti, danshi ya ci bango, gara ta shiga itace. Sai bayan 2000 aka ɓamɓare aka koma yaɓen ƙasa. Da ni ma yaro ne a can?

Ga garin Besease nan kusa da Ejisu a gefen Kumasi, tsofaffin ɗakunan ƙabilar Asante, ƙasa da itace da ciyawa ne, tun 1980 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa su cikin kayan tarihin duniya. Ban ce Turawa za su zo kallon namu ba, amma dai.

Asabar bayan la'asar zan zo da tsani, kafin ruwan Satumba ya sauko. Wanda ke karɓar hayar ɗakunan waje biyu, ya san kansa, ya zo da lissafi.