Ɗaukar hoton shirwa tana farauta

Malam, ka ce hotunan shirwa da kake ɗauka a bakin kogin Binuwai a Garwa suna fita dishi-dishi, tsuntsuwar kuma baƙa ƙirin. Dishi-dishin daga saurin shata ne, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga: kai shi 1/2000 na daƙiƙa, in shirwar za ta kawo sura 1/3200. Sa faɗin ƙofar gilashi a f/8, ISO (ƙarfin karɓar haske) ya daidaita kansa, fokas a kan AF-C, mai bin abu yana motsi. Baƙin kuwa hasken sama ne ke ruɗin kyamara, ƙara haske +1.

Ba wa rana da iska baya, don iska shirwa ke fuskanta in za ta sauko. Fita da hantsi. Tururin tsakar rana na ɓata hoto, musamman da gilashin jawo nesa na 400mm. Inda ake ƙona daji bayan girbi, nan shirwa ke taruwa cafkar fara.