Tambaya da Amsa: Dimokuraɗiyya Za Ta Ɗore a Inda Ake Sayen Ƙuri'a da Taliya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Auyo, Jihar Jigawa. Duk jajibirin zaɓe ana raba wa mata taliya da sabulu da turmin atamfa, kashegari su bi layi su dangwala wa wanda ya bayar. Shin dimokuraɗiyya tana iya ɗorewa a inda talauci ya yi katutu haka?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Talauci yana raunana ta, amma ba shi kaɗai ke kashe ta ba. Indiya ta fara zaɓen gama-gari a 1951, lokacin da mafi yawan jama'arta ba su iya karatu ba, kuma har yau soja bai taɓa karɓe mulki a can ba. A nan gida kuwa, Jamhuriya ta Biyu, wato mulkin farar hula na Shehu Shagari, ta faɗi ranar 31 ga Disamba 1983, bayan farashin man fetur ya karye, albashi ya maƙale, har mutane da yawa suka yi maraba da soja.

A ganina, abin dubawa shi ne ta hannun wa abincin mai zaɓe yake fitowa. Manomin da ambaliyar kogin Hadejia ta cinye masa shinkafa, wanda kuma buhun taki ba ya isa gare shi sai da takardar kansila, ba shi da bakin cewa a'a, domin ya san damina mai zuwa ƙofar nan zai koma. Maƙwabcinsa mai injin ban-ruwa, wanda ke noman rani, ya kai amfaninsa kasuwa, ya sayi taki da kuɗinsa, yana iya karɓar taliyar ya shiga rumfa ya zaɓi wanda ya kwanta masa a rai.

Sai kuma haɗin kai. Talakawan da suka bi jam'iyyar NEPU ta su Malam Aminu Kano daga 1950 ba su fi na yau arziki ba, amma sun jure ɗauri da bulala saboda suna da ƙungiya, kuma magajiyarta PRP ce ta soke haraji da jangali a Kano bayan ta hau mulki a 1979. Sai dai, a tawa fahimtar, tun da talaka ya daina biya daga aljihunsa ya rage tambayar inda kuɗin hukuma ke tafiya.

A watan Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu na kuɗin asusun tarayya kai tsaye. Ku tara ƙungiyar iyaye da malamai ta makarantarku, ku je sakatariya ku tambayi nawa ya shigo a watan jiya, da nawa aka ware wa rufin azuzuwanku.