-3² tara ne ko mainos tara?

Tambaya: Assalamu alaikum malam, dan Allah a warware min wannan. A gwajin lissafi na rubuta -3² = 9 aka soke min, wai -9 ne, alhali mu an koya mana mainos sau mainos fulos yake bayarwa. Ina na yi kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Malamin da ya soke yana da gaskiya, abin da aka koya maka ɗin ma gaskiya ne, sai dai a -3² mainos ɗaya ne tal, babu na biyun da zai ninka shi. Ɗan 2 ɗin nan da ke sama, wato fawa, abin da yake manne da shi kaɗai yake kamawa, a nan kuwa 3 ne. Za ka fara yin 3 sau 3 ka samu 9, sannan mainos ɗin da ke jira a gaba ya hau kai, -9. In ana so fawar ta haɗa har da mainos dole a sa baka, (-3)², nan ne ake samun -3 sau -3, amsa 9.

In har yanzu bai zauna maka ba duba 10 - 3², na san ba za ka ce 19 ba, za ka ce 10 cire 9 saura 1. To goge 10 ɗin ka sa 0, me ya rage? 0 - 3², wato -9, kuma shi ne dai -3² ɗinka, sifirin kawai aka daina rubutawa.

Inda abin ya fi damuna shi ne aljebra, wato lissafin da ake sa harafi a madadin lamba, dan nan ɗalibai masu ƙoƙari suke zubar da maki a banza. A ce x = -3 a nemi x², sai yaro ya rubuta -3² ya danna a kalkuleta ta ba shi -9 ya kwafa, alhali x ɗin gaba ɗayansa ne -3, (-3)² ya kamata ya rubuta. Duk sanda za ka sa lamba mai mainos a gurbin harafi ka sa mata baka tukuna, kar ka ji ƙyuya. Amma -x² amsarsa -9 ce ko da x ɗin 3 ne ko -3.

Fawa irin 3 ko 5 kuma tana ɓoye kuskuren, -2³ da (-2)³ duk -8 ne, shi ya sa mutum zai daɗe yana yi bai sani ba har sai 2 ko 4 ta kama shi.

Ka kula da Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta, in ka rubuta =-3^2 (alamar ^ ita ce fawa a can) zai ba ka 9 dan shi mainos ɗin yake fara ɗauka, to a can ka rubuta =-(3^2) in -9 kake nema.